Windows, Mac ko Linux: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Sayen Kwamfuta



Duk shekara idan sakamakon WASSCE ya fito, yara suka fara samun gurbi a Legon ko KNUST ko wata jami'ar fasaha, magana ɗaya ce ke yawo a gidajenmu, daga Nima har Aboabo: yaro yana bukatar kwamfuta. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Wata uwar sai ta kwashi adashenta, wani uban sai ya kira ɗansa da ke Amurka ko Jamus. In aka yi kuskuren zaɓi, yaro zai shekara huɗu yana aron ta abokai, tasa tana ajiye a jaka. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani, kuma gundarin shawararmu ita ce: a fara sanin manhajojin da yaro zai yi karatu da su, sannan a zaɓi kwamfutar da za ta ɗauke su.

Gida uku

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, sauran manhajoji a kanta suke zama. Manya guda uku ne. Akwai Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ke cikin yawancin kwamfutocin HP, Dell, Lenovo da Acer. Akwai macOS, wadda Apple ke sakawa a nasa kwamfutocin kaɗai. Sai Linux, wadda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya faro a 1991, kyauta ce, kuma nau'inta da aka fi sani, Ubuntu, ya fito a 2004. Chromebook, da ta shigo kasuwa a 2011, ita ma daga zuriyar Linux take, sai dai yawancin aikinta a intanet ake yin sa.

Manhajar da aka rubuta wa gida ɗaya ba ta aiki a ɗaya gidan, sai in masu ita sun yi wa kowane gida tasa. Word da Excel suna da ta Windows da ta Mac. Amma SolidWorks ta injiniyoyi, da Revit ta masu zanen gine-gine, da ArcGIS Pro ta masu taswira, da Access ta masu adana bayanai, duk na Windows ne. Haka kuma mai son haɗa manhajar iPhone yana bukatar Xcode, ita kuwa sai a Mac.

Abin da talla ke faɗa

Gasar talla tsakanin gidajen nan tsohuwa ce. A Janairun 1984, Apple ya gabatar da Macintosh da wata talla ta minti ɗaya da Ridley Scott ya shirya, aka nuna ta lokacin babban wasan ƙwallon Amurka. Kwamfutar kanta ba a nuna ta a cikinta ba. Abin da aka sayar wa masu kallo shi ne cewa mai Mac ya fita daban da sauran jama'a. Daga 2006 zuwa 2009 kamfanin ya sake fito da jerin tallace-tallace na mutum biyu: saurayi mai sakin jiki, Justin Long, shi ne Mac, sai John Hodgman cikin kwat, kullum yana fama da matsala, shi ne kwamfutar Windows. Microsoft ya mayar da martani ta wajen farashi. A 2009 ya nuna masu sayayya ana ba su kuɗi su nemo kwamfutar da ta yi musu, suna shiga kanti suna fitowa da mai Windows saboda arha.

A 2021 kuma sai ga Justin Long ɗin nan a tallar Intel, yana yabon kwamfutocin Windows yana kushe Mac. Mutumin bai canza ba, mai biyansa ne ya canza. Kowane ɓangare yana faɗin gaskiyar da ta yi masa daɗi: Mac tana da ƙwari da batir mai daɗewa, kwamfutocin Windows kuma suna da yawa da rangwame. Amma an shirya tallan ne domin mai saye a Amurka, wanda kantin gyara na kamfanin ke kusa da shi. Ba wanda ya yi lissafin ɗaukewar wuta ko tsadar data a cikinsu.

Farashi na gaskiya

Kuɗin da aka biya a kanti shi ne na farko, akwai wasu uku a bayansa.

Na ɗaya, gyara. Kwamfutocin ofis irin ThinkPad, Latitude da EliteBook suna da yawa a kasuwar kayan hannu, saboda haka batir, allo da caja ba sa wuyar samu a Circle ko Adum, kuma da yawansu ana iya ƙara musu RAM ko a canza ma'aji. Sabbin MacBook kuwa an liƙe RAM da ma'ajinsu a jikin uwar allo. Abin da aka saya da shi, da shi za a zauna, kuma in allon ya fashe gyaran yana da tsada.

Na biyu, kuɗin manhaja. Lasisin Windows 11 na gida, in za a saye shi daban, dala 139 ne a wajen Microsoft. Wanda aka saka a kasuwa ba lasisi sau da yawa yana zuwa da cutar kwamfuta a ɓoye, ban da haƙƙin masu shi. Ubuntu da LibreOffice kyauta ne kuma halal, suna isar mai rubutu, lissafi da bincike.

Na uku, sauran kwanan kwamfutar. Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 kuma tana neman sabuwar ƙwaƙwalwa, in ta Intel ce ta zubi na 8 zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba, su ne kuma ake jibgewa a kasuwanninmu da arha. A ɓangaren Apple, ya sanar a 2025 cewa macOS 26 ce ta ƙarshe ga Mac masu ƙwaƙwalwar Intel. Tsohuwar MacBook mai sheƙi tana iya zama kusa da ƙarshen hanyarta.

Kwaikwayo da iyakarsa

Mai sayarwa zai ce: “Kada ku damu, Alhaji, Mac ma tana ɗaukar Windows.” Maganar tana da asali, amma tana bukatar bayani.

Ƙwaƙwalwar kowace kwamfuta tana da yaren da take ji. Kwaikwayo shi ne a sa wata manhaja a tsakani ta zama tafinta, tana juya umarnin da aka rubuta wa wata ƙwaƙwalwa zuwa yaren wannan. Duk wanda ya taɓa zama gaban sarki da tafinta ya san magana tana ɗaukar lokaci, wani abin kuma yana salwanta a hanya. A shekarun 1990 masu Mac suna amfani da SoftWindows da Virtual PC, suna aiki amma da nawa.

A 2006 Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel, irin ta kwamfutocin Windows, ya kuma fito da Boot Camp, wadda ke bari a saka Windows kai tsaye ba tafinta. Daga nan ne maganar masu kanti ta samo tushe. Amma a Nuwamban 2020 Apple ya fara saka tasa ƙwaƙwalwar, M1, kuma Boot Camp ba ta aiki a kanta ko a kan ƙannenta. Tafintan da Apple ya bayar, Rosetta 2, tsofaffin manhajojin Mac yake juyawa, ba ya saka Windows.

Hanyar da ta rage wa mai sabuwar Mac ita ce manhaja irin Parallels Desktop, wadda ke ware wa Windows ɗaki a cikin Mac. Sai a biya kuɗinta, a sayi lasisin Windows, a raba RAM gida biyu. Windows ɗin da ke shiga kuma nau'i ne na musamman, wanda shi ma yakan sa tafinta kafin ya buɗe yawancin manhajoji. Ƙananan ayyuka suna tafiya lafiya. Manyan manhajojin zane da masu haɗuwa da na'urorin ɗakin gwaji kuwa suna iya ƙin aiki, kuma kamfanoninsu ba lallai su taimaka ba. A Linux akwai Wine, wadda ke buɗe wasu manhajojin Windows kyauta, wasu kuma ta kasa. Kwaikwayo yana fitar da mutum kunya a manhaja ɗaya ko biyu da yake taɓawa jefi-jefi. Wadda zai buɗe kullum har ya gama makaranta, gara ta zauna a gidanta.

Kafin a biya

Yaro ya tambayi sashensa, ko ɗaliban da suka riga shi, manhajojin da ake aiki da su. In injiniyanci ne, zanen gini ko awon ƙasa, a nemi mai Windows 11, RAM ɗinta kada ya gaza GB 8, in da hali 16. In karatun rubutu da bincike ne, kowane gida ya isa, har tsohuwar kwamfuta da aka saka wa Ubuntu. Chromebook kuwa a tuna da kuɗin data.

'Yan'uwanmu na waje, Allah ya saka muku da alheri, amma ku kira gida ku ji bukata kafin ku saya. In Mac ta hannu za ku aiko, ku tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na Apple, domin wadda aka kulle da sunan wani ba ta buɗuwa sai da izininsa ko takardar shaidar saye. A kanti kuma a kunna kwamfutar a gaban mai saye, a gwada batir da madannai, a karɓi rasit mai lambar na'urar.

Allah ya sa albarka a abin da aka kashe, ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Amin.