Cunkoso: Kalmar da Lungunan Birnin Kano Suka Haddace

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kurmi ranar jajiberin Sallah ba sai an buɗe masa ƙamus ba. Mai kura na ta "hanya, hanya!", ɗan dako ya tokare lungu da buhu, na baya na turo na gaba. Wannan shi ne cunkoso, wasu kuma su ce cinkoso.

Kalmar 'yar gida ɗaya ce da cunkusa, wato a danna abu da ƙarfi cikin wurin da ya yi masa kaɗan. Daga nan ake cewa hanya ta cunkushe, ko ɗaki ya cika cunkus. Amma fa ba kowace cika ce cunkoso ba. Idan Ƙofar Kudu ta fadar Sarki ta yi cikar kwari ranar Hawan Daushe, cewa ake yi taro ya yi albarka. Sai an rasa mashiga da mafita sannan sunan ya sauya. In kuwa abin ya kai ga tattake juna, irin wanda ya auku a Mina a hajjin 2015, turmutsutsu ke nan, kuma bai kamata mai rubuta labari ya haɗa shi da cunkoso ba. Direbobi na da tasu kalmar, gosulo, amma ita a kan titi kaɗai take aiki, alhali cunkoso yana shiga aji, da asibiti, da gidan yarin Kurmawa.

Cunkoson Kurmi kuwa yana da asali. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kurmi, kuma lungunan da ke kewaye da ita ƙafa da jaki aka yi wa su. Yau babur da kura ne ke gogayya a cikinsu, ga Adaidaita Sahu da suka cika tituna tun bayan hana acaɓa a 2013.

Cunkoson da ya fi damuna shi ne wanda ke ƙarƙashin ƙafarmu. Kwatocin cikin birni da yawa rafin Jakara suke nufa, kuma ledar ruwa da shara sun cunkushe su. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa hanya, ya koma gidaje, ya jiƙe gindin katangun ƙasa, ya bar wa sauro wurin haihuwa. Wannan kam da hannunmu muka cunkusa shi. Masu unguwanni da matasa, a fito aikin gayya a yashe kwatoci tun kafin ruwan farko ya sauka.