Lafiyayyun Sansa Ake Jefarwa A Garejojin Damargu

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan gyaran mota da aka saba shigowa da su ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuɗinsu kuma ya yi sama. Abin takaici, a cikin wannan tsadar ne ake ta cire lafiyayyun sansa, wato na'urorin awo na injin mota, a garejojin Tanut da Belbeji ana jefarwa. Da zarar fitilar inji ta kama a gaban direba, mota ta fara shaƙewa ko zuƙar mai, hukuncin bakanike ɗaya ne: "Alhaji, sansa ce ta mutu." A sayo wata, a ɗaura, bayan mako guda ciwon ya dawo.

Galibi laifin na waya ne da ƙura. Duk wanda ya bar kwaltar Damagaram zuwa Agadas ya nufi Belbeji ko kasuwannin daji ya san gargadar da mota ke sha. Girgizar nan tana kwance soket, tana goga waya a jikin ƙarfe har robarta ta cinye, zafin bazara kuma ya busar da ita ta tsattsage. Yawancin sansa da volt 5 kacal suke aiki, don haka ɗan tsatsa a kan batir, ko wayar da aka ɗaure da jikin mota in ta saki, ya isa ya sa su aika wa kwamfutar inji labarin ƙarya. Sai ƙurar hunturu. Sansar da ke auna iskar da ke shiga inji tana da wani siririn zare mai zafi. In matatar iska ta huje, ko yaron gareji ya bubbuge ta a taya ya mayar, ƙura ta lulluɓe zaren, awo ya ɓaci. Wankewa take bukata kawai.

Mai ma yana da nasa kason. Matatar SORAZ na nan cikin gundumar Tanut tun 2011, amma a ƙauyuka har gobe na kwalba da jarka ake sha, wani da yashi, wani da ruwa. Yana toshe famfon mai, inji ya rasa abinci, a ɗora wa sansar hayaƙi laifi.

Babban dalilin dai, a ganina, gyaran kirdado ne. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket ɗin bincike na OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, kuma motocin da muke saye na hannu daga can suke. Ko inda aka samu na'urar karantawa, ana yi wa lambar da ta nuna gurguwar fahimta. P0335 cewa take akwai matsala a layin sansar da ke ƙirga juyin inji, layin kuwa ya haɗa da waya da soket. Mitar awon wuta mai araha za ta raba gardama: batir lafiyayye ya nuna wajen volt 12.6 a kashe, kusan 14 in inji na aiki, sannan a bi waya ɗaya bayan ɗaya.

Tsofaffin direbobi na cewa a koma wa Land Cruiser mai injin 1HZ, wadda ba ruwanta da kwamfuta. Suna da gaskiyarsu, ta san rairayi. Sai dai tsufa take yi, kuɗinta ya fi ƙarfin mai jigilar gero da awaki, kuma abin da ke sauka daga jirgin ruwa yanzu galibi mai kwamfuta ne.

Asarar a kan talaka take ƙarewa. Motar da ta mutu a daji da fasinja ranar kasuwar Bakin Birji sai an jawo ta, wani lokaci har Damagaram, kuɗin kuma ya bi ta kan buhun hatsi. Wasu masu gyara sun koma yanke waya su haɗe kai tsaye, ko su cire ƙwan fitilar gargaɗin, mota ta ci gaba da shan mai har inji ya tafi. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin komin-komin ya kamata su sa wutar mota a sahun gaba, kowane yaro ya fita da mita a hannu, ya iya karanta taswirar wayoyi.