Hanyoyi uku da suka gina Frisco

A arewacin birnin Dallas, cikin jihar Texas ta Amurka, tafiyar kamar kilomita 40, akwai wani gari da ake kira Frisco. A ƙidayar 1990 mutanensa dubu shida ne da 'yan kai. Zuwa 2000 sun kai 33,714, a 2010 suka zama 116,989, a 2020 kuma 200,509. Ba mai aka haƙo a wurin ba, ba kuma zinariya ba. Hanya ce ta yi wa garin wannan aiki, kuma sau uku tana sauya masa rayuwa.

Ta farko burtali ce. Tun kafin a san da garin, makiyaya kan koro shanu daga kudancin Texas zuwa kasuwannin arewa ta wani burtali mai suna Shawnee Trail, wanda ya bi ta kan wani dogon tudu. A kan tudun ne ƙauyen Lebanon ya kafu, har ya samu gidan waya a 1860. Burtalin nan shi ne titin Preston na yau.

Sai shekarar 1902, lokacin da kamfanin jirgin ƙasa na St. Louis–San Francisco ya zo shimfiɗa dogo ta yankin. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya: a hura wuta, ruwa ya tafasa a tukunya, tururin ya tura ƙafafun. Saboda haka ba ya yin nisa sai ya tsaya an ɗura masa ruwa. To Lebanon a kan tudu take, ruwa kuwa gangare yake bi. Sai injiniyoyi suka kafa mashayar jirgin a kwari, kimanin kilomita 6 yamma da ƙauyen. Wannan shawara ta kashe Lebanon. Ɗan kasuwa ba ya zama inda kaya ba sa sauka, manomi kuma yana son kusa da tasha. Mutane suka fara ƙaura, wasu ma gidajensu na katako suka ɗora a kan gumagumai suka mirgino su har sabon wurin. Da farko an raɗa wa garin suna Emerson, hukumar gidan waya ta ƙi, don ya yi kama da sunan wani gari a jihar. A 1904 mazauna suka ari laƙabin kamfanin jirgin, Frisco, suka sa wa garinsu, kuma har gobe tambarin kamfanin ne a jikin alamar birnin.

Abin da jirgin ya zo ɗauka auduga ce. Ƙasar yankin baƙa ce mai danƙo, tana riƙe ruwa, auduga na sonta ƙwarai. Amma amfanin gona mai yawa ba shi da daraja idan ba a iya kai shi kasuwa da araha. Da dogo ya iso, sai lissafi ya canza: manomi ya kawo audugarsa a keken doki, a gurje ta a fitar da angurya, a ɗaure ta dila-dila, a loda a tarago. An yi lokacin da injinan gurza biyar ke aiki a ɗan garin. Wanda ya san yadda isowar jirgi Kano a 1911 ta mayar da gyaɗa kuɗi zai gane abin nan take. Sai dai tashar auduga ba ta buƙatar jama'a da yawa. Shekara tamanin da wani abu Frisco ta yi tana ƙaramar kasuwar manoma.

Hanya ta uku ita ce ta kawo ambaliyar mutane. Dallas ta yi ta faɗaɗa zuwa arewa, manyan kamfanoni irin su Frito-Lay da JCPenney suka kafa hedikwata a Plano, maƙwabciyar Frisco ta kudu. Sannan babban titin nan na biyan kuɗi, Dallas North Tollway, ya iso bakin garin a 1994, ya ratsa shi har iyakarsa ta arewa a 2007.

Da zarar titi ya rage tsawon tafiya, gonar da jiya take bayan gari ta zama wurin da ma'aikaci zai kwana ya kuma isa ofis da safe. Kamfanin gine-gine sai ya zo wa manomi da tayin da noman shekaru masu yawa ba zai ba shi ba. Manomin ya tsufa, 'ya'yansa sun tafi birni, da wuya ya ƙi. Kamfanin ya yanka gonar fuloti-fuloti, ya yi tituna, ya binne bututun ruwa da magudanai, ya gina ɗaruruwan gidaje a lokaci guda. Iyalai matasa su saya da bashin banki na shekara talatin. Gonar kusa kuma farashinta ya tashi, sai a sake maimaitawa. Akwai wani abu da ke ba baƙo mamaki, wato ganin shanu na kiwo daf da dogayen benaye. Dalili shi ne dokar Texas na sassauta haraji ga filin da ake noma ko kiwo a kai, don haka mai fili kan bar 'yan shanu a ciki yana jiran farashi ya yi masa.

Inda Frisco ta sha bamban da yawancin garuruwan da ke kewaye da manyan birane shi ne shugabanninta sun hango wata matsala da wuri. Gari mai gidajen kwana kawai kuɗi yake ci: makarantu, 'yan kwana-kwana, gyaran titi. Texas kuma ba ta karɓar harajin albashi, gari da harajin gidaje da na ciniki yake rayuwa. Idan mazauna suna sayayya a wani gari, can kuɗin ke tafiya. A 1991 masu zaɓe suka amince a ware rabin santi a kowace dala ta ciniki don jawo masu zuba jari. A 2000 aka buɗe katafariyar kasuwar Stonebriar Centre. A 2005 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta FC Dallas ta samu filinta a garin, a 2016 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Dallas Cowboys ta kawo hedikwatarta, a 2022 kuma ƙungiyar golf ta PGA ta biyo baya. Abin da ya fi burge ni shi ne hukumar makarantun garin ta sa kuɗi a wasu daga cikin filayen, don haka ɗalibanta ma a can suke wasa. Ta kuma zaɓi gina makarantun sakandare matsakaita da yawa maimakon 'yan manya, har sun kai 12. Ingancin makarantun ya jawo iyalai, cikinsu da ɗimbin 'yan asalin Indiya.

Duk da haka akwai asarar da ba a cika lissafa ta ba. Baƙar ƙasar nan, wadda ta ɗauki dubban shekaru kafin ta yi wannan albarka, yanzu tana ƙarƙashin kankare, kuma ba a mayar da unguwa gona. Ruwan sha daga tafkuna masu nisa ake janyo shi, mutane kuma ƙaruwa suke. Dogon 1902 yana nan, yanzu a hannun kamfanin BNSF, amma kaya kawai yake ɗauka. Garin da jirgi ya haifa ba shi da jirgin fasinja, kusan kowace fita sai da mota, cunkoso kuma ya zama ruwan dare. Tsofaffin jirage sai dai a je a gani a gidan tarihin jiragen ƙasa da aka kwaso daga Dallas.

Filin da ya rage a Frisco ya fara ƙarewa, gidaje sun yi tsada, don haka masu gini sun ƙara gaba. Prosper da Celina, waɗanda su ma garuruwan noma ne a kan wannan dogo, su ne ke karɓar jama'a yanzu, kuma ana ci gaba da jan titin Dallas North Tollway zuwa wajensu. Tsakanin 2022 da 2023, a duk garuruwan Amurka masu mutum 20,000 ko fiye, babu wanda ya kai Celina saurin girma.