Wanda Ya Riga Jin Farashi: Waya da Gasar Kasuwa

Da hantsi a kasuwar Dawanau ta Kano, za ka ga mai sayar da hatsi zaune a kan buhun gero, waya ɗaya a kunne, ɗaya a cinya tana ta ƙara. Cikin mintuna goma ya ji nawa ake sayar da buhun wake a Maraɗi, nawa masara ta kwana a Saminaka, ya kuma yanke shawarar ko zai saki kayansa yau ko zai danne su zuwa mako mai zuwa. Mahaifinsa, wanda ya bar masa rumfar, sai ya jira direban mota ya iso kafin ya ji irin wannan labari, kuma kafin labarin ya iso ya riga ya kwana biyu.

A da can, rabin jarin babban ɗan kasuwa sani ne. Wanda yake da yara a kasuwanni biyar, ko dillalan da ke kai masa rahoto, shi ke saye da araha ya sayar da tsada, sauran kuwa su bi bayansa. Kafin 2001 layukan tarho na NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A shekarar ne MTN da Econet suka fara aiki, kuma a daidai lokacin ne wayar salula ta fara shiga Nijar.

Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin abin da ya faru a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, yayin da sabis ke isa gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa a inda kasuwannin ke nesa da juna, hanyar kuma ba ta da kyau. Dalilin a fili yake. Mutumin da a da sai ya biya kuɗin mota ya kashe yini guda kafin ya san farashin gero a wani gari, yanzu kuɗin kati kawai zai kashe. Wani masanin kuma, Robert Jensen, ya ga irin wannan a wurin masuntan jihar Kerala ta Indiya: da suka fara kiran bakin teku tun suna cikin kwalekwale, kifin da ake zubarwa don rashin mai saye ya kusa ƙarewa, ribar masunta ta ƙaru, farashin kuma ya ɗan sauka ga mai ci.

Sai dai akwai abin da masu yabon fasaha ba su cika faɗa ba. Ranar da kowa ya mallaki waya, waya ta daina zama fifiko. Wanda ya fara saya ya ci moriya na 'yan shekaru, daga nan kowa ya san abin da kowa ya sani. Manomin ƙauye ma yanzu yana kiran ɗan'uwansa a birni kafin ya amsa tayin dillali. Saboda haka gasar ta tashi daga wa ya san farashi, ta koma wa zai iya biya nan take.

A nan ne taransifa ta shigo. Tun 2011 bankunan Najeriya suke da tsarin tura kuɗi nan take a tsakaninsu, amma 'yan kasuwa da yawa sun ci gaba da ƙulla kuɗinsu a buhu, don ba su yarda da abin da hannu bai taɓa ba. Abin da wa'azi bai yi ba, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya yi shi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma aka ce wa'adinsu ya cika, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A waɗannan makonni na ga masu tumatir biyu a jere. Ɗaya ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali ya jingina da kwando; kafin azahar ya tashi. Ɗayan yana ta cewa shi kuɗi a hannu ya sani, har la'asar kayansa na nan suna zubar da ruwa. Tumatirinsu ɗaya ne, daga mota ɗaya aka sauke.

Kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint sun yi girma a wannan lokaci, ba don sun ƙirƙiro tura kuɗi ba, sai don sun lura da abin da ke ɓata wa mai shago rai: tsayuwar jiran alat alhali mai saye yana gaggawa, layi kuma na tsawo. Ni kaina na taɓa tsayawa rabin sa'a a shagon atamfa, an cire kuɗi daga asusuna, ba su shiga na mai shago ba, ni ban tafi da kaya ba, shi bai sami ciniki ba, muna kallon juna kamar waɗanda suka yi faɗa. Duk wanda ya rage wannan jira daga mintuna zuwa daƙiƙu, ya ci kasuwa. A ƙarshen 2024 an kiyasta darajar Moniepoint ta haura dala biliyan ɗaya. A Nijar kuwa gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza ne suka ɗauke wa fatake nauyin tafiya da kuɗi a ɗamara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ba a gani da ido. Kowace taransifa da ta shiga na'urar POS tana barin sawu. Mai shagon da bai taɓa riƙe littafin lissafi ba, sai ga shi da tarihin cinikin wata shida a rubuce, rana bayan rana. Da wannan tarihi wasu daga cikin kamfanonin ke ba da rancen jari ba tare da neman takardar fili ba. Da shi kuma uban gida ke gane abin da ya shiga shagonsa na Kantin Kwari yana zaune a Legas ko Dubai, ba sai ya dogara da abin da yaron shago ya faɗa masa da daddare ba. Wanda ke duba wannan lissafi ya san wace atamfa ce ke tafiya kafin salla, wacce ce ke kwana, don haka ba ya binne jarinsa a kayan da ba su motsi. Maƙwabcinsa yana da irin na'urar, amma bai taɓa buɗe tarihin ba. Shi a wurinsa akwatin karɓar kuɗi ce kawai.

Mata 'yan kasuwa na cikin gida sun fi kowa saurin gane hanyar ciniki ta waya. Mai turaren wuta ko kayan kicin tana ɗora hoto a WhatsApp da safe, a tura mata kuɗi da rana, ɗan sahu ya kai kaya kafin magariba, ba ta biya kuɗin hayar shago ba.

Matsalolin ma na zamani ne. Akwai alat na bogi, wanda ya sa yanzu ba a sakin kaya sai mai shago ya buɗe asusunsa ya gani da idonsa. Akwai cajin da ake cirewa a kowace hulɗa, ga wutar lantarki, ga sabis da ke ɗaukewa a ranar kasuwa, lokacin da aka fi bukatarsa. Shi ya sa mai hatsin nan na Dawanau ke riƙe da layi biyu da asusu uku, kuma har yanzu akwai 'yan dubbai a ƙarƙashin tabarmarsa don biyan 'yan dako, waɗanda ba sa jiran alat.