Amsar Wasiƙunku: Allurar Tiyata Mai Sa Sambatu

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin albasa a ƙasar Wurno. Ya ce an yi wa maiɗakinsa aiki an ciro jariri, amma da ta farfaɗo sai ta yi ta sambatu, ido buɗe, ba ta gane kowa ba. Tsofaffi suka ce iskoki ne, samari suka ce ƙwaya aka ɗura mata. Yana tambaya, wane ne mai gaskiya?

To malam, barka da arziki, Allah ya raya. Wannan abu da ka gani ya yi kama da aikin wata allura da ake kira ketamin. Wani masani mai suna Calvin Stevens ne ya haɗa ta a Amurka a 1962, aka ba da izinin yi wa mutane ita a 1970, aka kuma yi ta amfani da ita a kan sojojin da suka ji rauni a yaƙin Biyetnam.

Aikinta shi ne ta raba tsakanin jiki da hankali na ɗan lokaci. In an yi ta a jijiya, cikin minti ɗaya take kamawa, ta yi kamar minti 10 zuwa 15 kafin a ƙara. Likita na yanka, amma labarin zafin ba ya isa ga mai jikin. Lokacin da take saki ne wasu ke mafarki ido biyu, su ga abin da babu, su yi surutai. Yawanci cikin 'yan sa'o'i abin ke wucewa. Abin da mara lafiya ke bukata a lokacin shi ne ɗaki shiru, ba taron 'yan dubiya da hayaƙin turare ba.

Me ya sa likitoci ke son ta? Yawancin magungunan sa barci na danne numfashi, su saukar da bugun jini, sai da na'ura da wutar lantarki. Ita kuwa ketamin ba ta cika taɓa numfashi ba, ga araha. Kun ga ke nan a asibitin karkara, matar da naƙuda ta gagara, da wanda ya karye a kan babur, da yaron da wuta ta ƙona, duk ita ce rufin asirinsu. Likitocin dabbobi ma da ita suke kwantar da doki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan dole tun 1985. Da ƙasar Sin ta nemi a tsananta dokarta a duniya a 2015, hukumar ba ta goyi baya ba, don kada talaka ya rasa maganin tiyata.

Amma fa wuƙar da mahauci ke neman abinci da ita, ita ɓarawo ke riƙewa. A Turai da Amurka da Sin akwai masu shaƙar garinta don maye. Wanda ya saba, mafitsararsa ke ƙuna ta tsuke, ya riƙa fitsarin jini kamar mai tsargiya, har a kai ga cire ta. Ga mantuwa, ga ciwon ciki. Kuma mai mayenta ba ya jin zafi, ba ya iya ceton kansa. A 2023 ta yi sanadin mutuwar Matthew Perry, wani shahararren ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, a cikin kwamin wankan gidansa. Ku auna wanda zai sha ya nufi bakin dam ɗin Goronyo ko rijiyar fadama.

Kada ku ce abin na nesa ne. Tiramol ma a asibiti ya fara, kafin ya bi 'yan ƙwadago gona. Maganin tari mai kodin kuwa sai da gwamnati ta hana shi a 2018.

Don haka mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, ku riƙe abu huɗu. Na ɗaya, in likita ya ce aiki za a yi, maigida ya sa hannu da wuri. Jinkiri ne ke kashe mai naƙuda. Na biyu, in an ce kada mara lafiya ya ci komai, kada a ba shi ko kunu a ɓoye, don amai na iya shaƙe shi. Na uku, a gaya wa likita in akwai hawan jini ko shan ƙwaya. Na huɗu, allurar barci ba hajar kasuwa ba ce. Wanda kuka gani da ita a faranti, ku sanar da mai unguwa ko jami'an NDLEA.

Wanda kuma ɗansa ya riga ya faɗa shaye-shaye, mari da sarƙa ba sa warkarwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana karɓar irinsu.

Sai mako mai zuwa. A ci gaba da aiko da wasiƙu, ku huta lafiya.