Motar da ke Auna Sabis ɗin Waya

Yau za mu tattauna ne a kan wani abu da ke ci wa da yawanmu tuwo a ƙwarya, wato rashin sabis a wayar hannu.

Wataƙila yara sun taɓa shigowa suna ba ki labarin wata mota mai tafiya a hankali, an kafa mata 'yan na'urori a sama, na ciki kuma sun tasa kwamfuta gaba. Kada hankalinki ya tashi, ba hirar mutane suke saurare ba. Injiniyoyi ne masu auna ƙarfin sabis.

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, kamfanoni irin su MTN, da Glo da ya biyo baya a 2003, suke ta kafa dogayen ƙarafan sabis a garuruwa. Daga jikinsu saƙo ke biyo iska ya iso wayarki. To, kamar kiran salla ne: na kusa da masallaci ya ji raɗau, na bayan gari ya ji sama-sama. Nisa na rage masa ƙarfi, haka ma tudu da bishiyoyi da gine-gine.

Shi ya sa ake fita awo. A cikin motar akwai wayoyi da aka haɗa da kwamfuta, suna ta buga kira da kansu, da kuma na'urar da ke gane inda motar take ta hanyar tauraron ɗan'adam. A ce sun taso daga Zariya, sun ratsa Hunkuyi da Kudan, sun nufi Makarfi da Ikara. Duk inda suka wuce, kwamfutar na rubutawa: nan kira ya shiga, nan ya yanke. Daga nan sai a fitar da taswira mai launi, galibi kore inda sabis ke da ƙarfi, ja inda ya yi rauni. Da ita kamfani ke sanin inda zai gyara, ko ya ƙara sabon ƙarfe.

Amma fa 'yar'uwa, ga inda gizo ke saƙar. Mota titi take bi, ba ta wuce zaure. Ke kuwa kina can ƙuryar ɗaki, bayan katanga mai kauri, ƙarƙashin rufin kwano, kuma duk suna tare saƙon. Sai taswira ta nuna unguwarku kore shar, alhali ke sai kin ɗaga waya sama kina neman sanda ɗaya. Ranar da naƙuda ta tashi cikin dare, ko yaro ya kama shiɗewa maigida ba ya nan, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saboda haka ki yi naki awon. Da rana tsaka, kina cikin natsuwa, ki zagaya gidan da wayarki: tsakar gida, bakin taga, gindin rumbu, kusa da zaure. Ki gwada kira a kowane wuri, ki riƙe inda ya fi shiga, ki nuna wa abokiyar zamanki da manyan yara. In da hali, a ajiye layukan kamfani biyu a gida.

Sannan kada ki yi shiru. Tun 2023 lambar 300 ce ta kai koke a kowane layi. Ki faɗi unguwarku da lokacin da sabis ke ɗaukewa, ki karɓi lambar kokenki. In ba a yi komai ba, sai ki kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a 622, kyauta ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da mota ba ta gani ba, ke za ki faɗa.