Kufan Bakin Hamada da Tushen Fataucin da Ya Kawo Hausawa Ikko

Hausawan Zangon Agege da na Ebute Metta sukan jingina tarihin zamansu a Ikko da cinikin goro da shanu, da kuma layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano a shekarar 1912, wanda har yau hedkwatar hukumarsa take a Ebute Metta. Sai dai fataucin da ya kawo kakanninsu bakin teku ya girmi jirgin ƙasa da ƙarnuka masu yawa, kuma shaidarsa mafi ƙarfi tana binne ne a kufan bakin hamada, wato yankin da ya miƙe daga Katsina da Daura zuwa Damagaram da ƙasar Azbin.

Ilimin tonon kufai shi ne nazarin rayuwar mutanen dā ta hanyar abin da suka bari a ƙasa, kamar tsingaro da gawayi da ƙasusuwa da kashin maƙera. Masanansa sukan tona ƙasa hawa-hawa, domin abin da ke ƙasa ya riga na samansa binnewa, sannan su auna shekarun gawayi ko ƙashi da gwajin sinadarin kabon, wanda yake raguwa bisa ƙayyadadden lissafi bayan mutuwar abu mai rai. Da wannan hanya aka tabbatar cewa hamadar kanta ta taɓa zama dausayi, domin a Gobero da ke cikin Tenere ta Nijar, inda ayarin masani Paul Sereno ya isa a 2000, an sami kaburbura kusan 200 na masunta da mafarauta da suka rayu a gaɓar wani tafki da ya ƙafe. Haka kuma kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a yankin Jihar Yobe ta yau, ya kai kimanin shekara 8,000.

Bayan da ruwa ya janye, mutanen yankin suka mayar da bakin hamada mahaɗar ayari da matattarar sana'a. A Marandet, kudu da Agadas, an tono dubban ƙananan kasake na yumɓu da ake narka jan ƙarfe a cikinsu tun tsakanin ƙarni na 6 da na 9. Kufan Azelik kuwa masana da dama sun yarda cewa shi ne birnin Takedda, wanda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, ya kuma ba da labarin cewa ana kai jan ƙarfensa Gobir da Barno.

Babu inda wannan alaƙa ta fito fili a ƙasar Hausa kamar Durɓi Takusheyi, a ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina, inda wasu tuddai suke waɗanda tarihin baka yake cewa kusheyin sarakunan Durɓawa ne, gidan da ya mulki Katsina kafin Muhammadu Korau. Baturen mulki H. R. Palmer ya fara tona wurin a 1907, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, sannan a 1992 aka tona tuddai uku ƙarƙashin jagorancin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus. A tsakiyar kowane tudu an sami gawa guda tare da kayan alfarma, waɗanda suka haɗa da mundayen hauren giwa da na tagulla, da 'yan kunnen zinariya, da duwatsun wuya, da wuri, da wani kwanon ƙarfe ƙirar ƙasashen gabas na zamanin daular Mamluk ta Masar. Bincike ya sanya kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16, kuma an kai kayan birnin Mainz na Jamus a 2007 domin gyara da adanawa, aka dawo da su Katsina a 2014.

Ma'anar waɗannan kaya ita ce, tun kafin jiragen ruwan Turawa su mamaye kasuwancin bakin teku, masu mulkin ƙasar Katsina suna hulɗa da kasuwannin da suka kai har kwarin Nilu, ta hannun Buzaye da fatake masu ratsa rairayi. Wuri kansa ya isa misali, domin daga Tekun Indiya yake fitowa, kuma ta hamada ya fara shigowa Afirka ta Yamma kafin Turawa su riƙa jibge shi a tashoshin ruwa irin su Ikko, daga nan ya hau arewa ya zama kuɗin kasuwa. Hanya ta juya daga arewa zuwa kudu, amma tsarin madugu da zango da fatoma mai saukar da baƙi bai sake ba, kuma shi ne ya kafa zangunan Hausawa a Ibadan da Shagamu da Agege.

Abin takaici shi ne wannan gado yana salwanta a hannun masu tonon sata, har ta kai Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya gumakan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina da na Bura ta Nijar cikin jerin kayan da ke fuskantar haɗari a shekarar 2000. Kayan da aka fizge daga muhallinsa ba tare da awo da rubutu ba ya rasa mafi yawan abin da zai faɗa wa masana, ko da an dawo da shi daga baya. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Ya kamata sarakunan Hausawan Ikko da 'yan kasuwarsu su ƙi saye ko dillancin duk wani kayan tono, makarantunsu kuma su riƙa kai yara Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, domin wanda bai san darajar gadonsa ba, da arha zai sayar da shi.